Berzerk da Fuskar da Harsashi Ba Ya Ci

A shekarar 1980, kamfanin Stern Electronics da ke Shikago a Amurka ya fitar da wata na'urar wasa mai suna Berzerk. Irin akwatunan nan ne masu tsayin mutum da ake girkewa a shagunan wasa, sai an jefa kwandala ta santi 25 kafin su fara aiki. Wanda ya tsara wasan shi ne Alan McNeil.

Dokar wasan ba ta da wuyar fahimta. Kai ɗan mutum ne a cikin ɗaki mai lunguna, butum-butumai sun kewaye ka suna harbi, kai ma kana ramawa. Bangon ɗakin wutar lantarki ne, taɓa shi mutuwa. Su kuwa butum-butuman ba su da wayo: sukan harbi juna, sukan afka wa bango su tarwatse. A nan matsala ta taso. Ɗan wasa mai haƙuri zai iya laɓewa a lungu ya jira su hallaka kansu, ya daɗe a kan kwandala ɗaya. Mai shago kuwa ba haƙurin kowa yake sayarwa ba. So yake layi ya riƙa tafiya.

Maganin da McNeil ya samo shi ne Evil Otto, wata fuska zagayayya mai murmushi da ke shigowa tana tsalle idan ka jima a ɗaki. Harsashi ba ya cin ta, bango ba ya tare ta. Abin da ya rage maka shi ne neman ƙofa. McNeil ya ce sunan wani jami'in tsaro ne a tsohon wurin aikinsa, mutumin da kan yi wa mutane faɗa yana murmushi. A ganina, babu wani dodo a wasannin zamanin da ya fito da lissafin ciniki fili kamar wannan.

Haka muryar na'urar take. Berzerk na cikin wasannin farko da suka yi magana, da kalmomi wajen 30 kacal, domin a lokacin sa wa na'ura murya abu ne mai tsadar gaske. Idan ka gudu ba ka gama da abokan gaba ba, sai ta kira ka matsoraci. Idan ba kowa a gabanta, sai ta sanar da masu wucewa cewa ta gano kuɗi a aljihunsu.

Wasan ya shiga gidaje a 1982 ta na'urar Atari 2600, amma ba murya. A shekarar ce Eugene Jarvis ya fitar da Robotron: 2084, wanda ya ɗauki darasi daga Berzerk, ya rushe lungunan, ya ba ɗan wasa sanda biyu: ɗaya ta tafiya, ɗaya ta harbi.