Asalin Kalma: Ladabi

Ladabi baƙuwar kalma ce da ta zama 'yar gida. Daga Larabci muka aro ta, wato al-adab, kyawun ɗabi'a da tarbiyya. Bahaushe ya manne "al" ɗin a jikin kalmar, kamar yadda ya yi wa lafiya da labari. Daga baya masana suka sake aro ta ba tare da "al" ba, muka sami adabi, mai nufin waƙa da zube da wasan kwaikwayo.

A asalinta, kalmar ta hau kan babba da yaro. A bakinmu kuwa, na ƙasa aka fi ɗora wa ita. Yaro ya sunkuyar da kai ana masa faɗa, ya haɗiye fushinsa, sai a ce mai ladabi ne. Talaka ya tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya durƙusa ya ce "ranka ya daɗe", ko da zuciyarsa na tafasa. Amma in maigida ya daka tsawa, ba mai cewa ya yi rashin ladabi, sai dai a ce an ɓata masa rai. Hukunci ma ladabtarwa muke ce masa.

Ladabi ado ne, amma manya, ku ma yana wuyanku.