Kan Jama'a: daga gonar doya zuwa gidan tarihin Jos

Wani malamin sakandare ya rubuto mana cewa zai kai ɗalibansa Jos yawon yini guda. Ya tsara su fara da gidan adana kayan tarihi, su leƙa gidan namun daji da ke gefensa, sannan su zagaya kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da aka gina da ƙasa a filin gidan tarihin. Abin da ya dame shi tambaya ɗaya ce: in yara suka tsaya gaban kawunan Nok suka ce wa ya gano su, me zai ce? Littattafai za su ce Bernard Fagg. Ni kuwa ina ganin wannan amsar ta ci haƙƙin wasu.

Tun 1928 leburorin kuza a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Kanar Dent Young, Baturen da ke da hannu a haƙar, ya kai shi Jos aka ajiye, ya yi shekara 15 ba wanda ya san asalinsa.

A 1943 sai wani kan, wanda ya fi girma, ya fito daga wani ramin kuza kusa da Jama'a. Akawun wurin ya tafi da shi gida, ya kafa shi mutum-mutumi a gonarsa ta doya, ya sha rana da ruwa kusan shekara guda kafin manajan ya gan shi ya kawo Jos. Fagg a lokacin ƙaramin jami'in mulki ne da ya karanta ilmin tona kayan tarihi a Cambridge. Da ya kwatanta shi da na 1928, sai ya ga salo ɗaya ne. Wanda ya matsa kusa da waɗannan kawuna zai ga abin da Fagg ya gani: idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da baki, ga gyaran gashi da aka zauna aka tsara.

Masu ba da labarin nan sukan yi wa akawun dariya, wai bai san darajar abin da ya riƙe ba. Ban yarda da su ba. A ramin kuza diga da ƙarfin ruwa ke aiki, kuma kayan yumɓu da yawa a farfashe aka same su. Mutumin ya ga abu ya ba shi sha'awa, ya raba shi da ramin, shi ya sa muke da shi yau. Fagg ma ya yi nasa, ba a ƙwace masa: ya bi ramuka yana roƙon leburori su daina yar da abin da suka tono, kuma da abin da suka tara masa aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Amma ido da hannun da suka fara tsinta na leburorin ne.

A Norwe, duk mai ba da labarin jirgin ruwan Viking na Oseberg, wanda aka tono a 1904, yakan ambaci Oskar Rom, manomin da ya fara tona tudun a gonarsa. A Yobe ma an riƙe sunan Malam Ya'u, makiyayin da ya ci karo da kwalekwalen Dufuna mai kimanin shekara 8,000 yana haƙar rijiya a 1987. Mai gonar doyar Jama'a kuwa har yau “wani akawu” ake kiransa.

Labarin Nok bai tsaya nan ba. Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Frankfurt suka mayar da farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kafin su iso, ɓarayin kayan tarihi sun riga sun yi wa ƙasar Nok ramuka a shekarun 1990. A 2000 aka ga wasu sassaƙe-sassaƙen Nok a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25.