Daga Zango zuwa Ɗakin Haya: Masaukin Baƙo a Ƙasar Zuru

Wanda ya nufi ƙasar Zuru a yau, ko don kallon bikin Uhola na Dakarkari ko don hawan duwatsun yankin Manga da Dabai, ba mamaki ya kwana a ɗaki mai araha: katifa guda, bokitin wanka, da fanka mai jiran a kawo wuta. Wasu kan ce wannan ci baya ne. A ganina tarihi bai goyi bayansu ba, domin tun fil azal matafiyi a wannan ƙasa mai masauki yake dubawa kafin ya dubi ɗaki.

A ƙarni na 19, ayarin fataken goro daga Kano da Sakkwato sukan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su miƙa zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Zangon da madugu ke sauke ayari fili ne kawai kusa da ruwa. Kafin magariba an kafa bukkokin kara da ciyawa, an turke jakuna, 'yan matan gari sun fito da tallar fura. A manyan kasuwanni kuwa fatoma ke karɓar baƙo. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan bashi ya gitta. Falke yakan koma gidan fatoma ɗaya shekara da shekaru, ko da zauren na yoyo, saboda ya san ko goro ɗaya ba zai ɓata ba. A zamanin da hare-haren Nagwamatse na Kontagora suka sa mutanen ƙasar Zuru riƙe kan duwatsu, sanin wanda zai lamunce ka ya fi shimfiɗa mai laushi daraja nesa ba kusa ba.

Bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901 da Sakkwato a 1903, sai ga bariki, masaukin Di'o mai rangadi: ɗakin ƙasa mai jinka a gefen gari, da sarkin bariki mai share shi. Itace da ruwa da ƙwai kuwa a wuyan talakawa suke. Nan aka fara raba masauki da mutunci, domin baƙon bariki umarni ya kawo shi, ba ya bukatar kowa ya yarda da shi. Otal na zamani jikan bariki ne: ka biya, a miƙo maka makulli.

Za a ce ai fatoma ba don Allah yake yi ba, la'ada yake ci. Haka ne, kuma nan ƙarfin tsarin yake, tunda randa kayan baƙo ya salwanta, ranar abincin fatoma ya ƙare. Za a kuma ce rashin tsaro da ya addabi kudancin Kebbi a 'yan shekarun nan ya sa dole a nemi otal mai katanga da maigadi. Katanga na da amfaninta cikin gari, amma mai hawan dutse da asuba zai bar ta a baya. Wanda zai gaya masa hanyar da ake bi yau da wadda aka ƙaurace wa, ya haɗa shi da ɗan jagora, ya kai shi gaisuwa wurin mai gari kafin ya doshi wurin da al'ada ta keɓe, ɗan gari ne, kuma sau da yawa shi ne mai ɗakin nan na bokiti da katifa.