RANAR DA KAKALABA TA SHIGO GARI

Ina ƙarama a ƙauyenmu kusa da Dambatta, duk sanda na zubar da sauran tuwo sai kakata ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki san Kakalaba ba ne." Wallahi na daɗe ina zaton wata muguwar tsohuwa ce a bayan gari. Ashe yunwa ce.

A shekarar 1913 damina ta gaza, gero da dawa suka bushe a tsaye. Ga shi jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, manoma da yawa sun karkata ga gyaɗa don samun kuɗin haraji. Da 1914 ta kama rumbuna suka ƙare, mutanen arewa suka yi ta kwararowa Kano neman abin kaiwa baka, rayuka da yawa suka salwanta. Wannan yunwa ita aka raɗa wa Kakalaba. Wadda aka yi a 1942 kuwa aka ce mata 'Yar Gusau, sai ka ce ɗiyar wani.

Kakata a bakin mahaifiyarta ta ji labarin, amma ji yadda take faɗa: "Ta shigo gari ba sallama, ta leƙa rumbu, ta zauna a bakin murhu, ta ɗauki na goye kafin ta waiwayi manya." Kin ga an ba yunwa ƙafa da ido da hannu. Wannan adon magana shi malaman Hausa ke kira mutuntarwa, wato a ɗauki abin da ba mutum ba a ba shi hali ko aiki irin na ɗan Adam. Kullum muna yi ba mu lura ba: damina uwar albarka, rana ta leƙo, ciwo ya kama ni.

To mene ne amfaninsa? In an ce wa yarinya "an yi ƙarancin hatsi", kafin gobe ta manta. Amma in an ce wata ce ke zuwa, sai ta tsorata, ta yi tanadi. Da haka iyayenmu suka koya mana auna tsaba da tiya, da busar da kanzo, da barin iri a ƙasan rumbu komai wuya.

Don haka uwargida, in kaka ta yi kada ki bari a kai hatsin gida kasuwa saboda kayan biki. Mai wannan suna ta san hanyar garinmu. Allah Ya tsare mu da baƙuncinta, amin.