Sojan Tagulla da Kwana 22: Yadda Istoniya Ta Koyi Tsaron Intanet

Kafin gari ya waye ranar 27 ga Afrilu, 2007, ma'aikatan gwamnatin Istoniya suka ɗauke wani mutum-mutumin soja na tagulla daga tsakiyar Talin, babban birnin ƙasar. Tun 1947 yake tsaye a wurin. Hukumomin Tarayyar Sobiyat ne suka kafa shi domin tunawa da sojojinsu da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. A wajen Rashawa mazauna Istoniya, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar, sojan alama ce ta waɗanda suka kori 'yan Nazi. 'Yan asalin ƙasar kuwa, abin da yake tuna musu shi ne mamayar kusan shekara hamsin, da jiragen ƙasan da aka loda kakanninsu a ciki zuwa Saiberiya a 1941 da 1949. Gwamnati ta yanke shawarar mayar da shi maƙabartar sojoji. Dare biyu ana tarzoma a kan haka, mutum ɗaya ya mutu, aka kama sama da mutum dubu.

Tarzomar titi ta lafa cikin kwana biyu. Wadda ta biyo baya ta intanet sai da ta yi kwana 22, kuma ita ce ta sa muka ɗauko wannan tarihi. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun sha jin labarin a matsayin karo na farko da aka auka wa ƙasa sukutum ta hanyar kwamfuta. Da muka bi shi daki-daki sai muka ga darasinsa ya fi shafar mutane da yadda suke tsara kansu fiye da na'ura.

Sai an san yadda Istoniya take kafin a gane abin da ya sa harin ya yi mata ciwo. Ƙaramar ƙasa ce a gaɓar Tekun Baltik, mutanenta kusan miliyan 1.3, wato ba su kai na birnin Kano ba. Ta sake samun 'yancin kanta a watan Agustan 1991, ba ta da man fetur, ba ta da kuɗin gina manyan ma'aikatu cike da takardu. Sai shugabanninta suka zaɓi kwamfuta. A 1996 aka ƙaddamar da shirin kai kwamfuta da intanet makarantu. A 2001 aka kafa X-Road, tsarin da ke haɗa rumbunan bayanan hukumomi su riƙa musayar bayani da juna. A 2002 aka fara raba katin shaidar ɗan ƙasa mai ƙwaƙwalwar lantarki, wanda ake sa hannu da shi a kan takardu ta intanet. A 2005 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da damar jefa ƙuri'a daga gida, a watan Maris na 2007 kuma aka yi haka a zaɓen majalisar dokoki. Zuwa wannan lokaci, kusan duk hada-hadar banki ta koma intanet. Wanda ya toshe wa irin wannan ƙasa intanet ya toshe mata banki da jarida da ofishin gwamnati a lokaci guda.

Salon harin ba mai wuyar fahimta ba ne. A ɗauka mai shago ne da yake iya sallamar mutum goma a lokaci ɗaya, sai aka turo masa mutum dubu goma, kowa na tambayar farashi, ba mai saye. Mai sayen gaskiya ba zai ko kai bakin ƙofa ba. Haka ake yi wa kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet: a yi ta antayo mata buƙatun bogi har ta kasa amsa na gaske. A kwanakin farko mutane ne da hannunsu suke yi, suna bin umarnin da aka baza a zaurukan tattaunawa na harshen Rashanci, inda aka jera adireshin da za a auna da abin da za a rubuta. Daga baya aka shigo da rundunonin kwamfutocin da aka riga aka harba da muguwar manhaja a ƙasashe daban-daban, masu su ba su ma san ana aiki da su ba.

An auni shafukan majalisa da fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu. An kutsa shafin jam'iyyar Firaminista Andrus Ansip aka liƙa wasiƙar neman afuwa ta ƙarya da sunansa. Harin ya kai ƙololuwa wajen 9 ga Mayu, ranar da Rasha ke bikin nasararta a kan Jamus. Washegari Hansapank, banki mafi girma a ƙasar, ya rufe hidimarsa ta intanet na sama da awa guda. Jaridar Postimees ta kai ga toshe duk wanda ke shigowa daga wajen ƙasa domin mutanen gida su samu karantawa, abin da ke nufin duniya ta daina jin bakin Istoniya daga wannan kafa a daidai lokacin da take buƙatar a ji ta.

Ya kamata mu faɗi gaskiyar girman ɓarnar, domin an sha zuzuta ta. Harin intanet ɗin bai kashe kowa ba, bai ɗauke wuta ba, bai rushe gini ba. Abin da ya taɓa shi ne yardar mutane cewa in sun buɗe asusunsu gobe za su same shi. Ƙasar da ta ɗora komai a kan wannan yarda ba ta iya ɗaukar rashinta da wasa.

Waɗanda suka tare harin ba sojoji ba ne. Ƙaramar tawagar kai ɗaukin gaggawa ta kwamfuta, CERT-EE, wadda aka kafa a 2006 ƙarƙashin Hillar Aarelaid, ita ta zama cibiya. Kewaye da ita akwai injiniyoyin bankuna da na kamfanonin sadarwa, da yawansu sun san juna tun kafin rikicin, kowa na da lambar kowa. Suka riƙa tace buƙatun da ke shigowa, suna ƙara faɗin layi, suna rufe ƙofar waje idan abin ya yi yawa, suna kiran takwarorinsu a wasu ƙasashe su cire kwamfutocin da ake harbowa da su. Mafi yawan abin da aka kare mallakar kamfanoni ne masu zaman kansu, kuma ma'aikatansu ne suka kwana a kai.

Sai tambayar da ta gagari kowa: wa ya aiko? Ministan harkokin wajen Istoniya, Urmas Paet, ya nuna Rasha da yatsa. Rasha ta musanta, ta kuma ƙi ba da haɗin kan shari'a da masu bincike suka nema. Mutum ɗaya tak aka hukunta, wani ɗalibi mazaunin Talin, wanda aka ci tarar kuron 17,500 a watan Janairun 2008. A 2009 wani jigo a ƙungiyar matasa ta Nashi mai goyon bayan fadar Kiremlin ya fito ya ce shi da abokansa ne suka yi. Har yau ba a tabbatar a gaban kotu cewa gwamnatin Rasha ce ta ba da umarni ba. Igwa idan ta tashi ana ganin inda ta fito. Saƙon intanet kuwa yana iya ratsa ƙasashe da dama, ta kwamfutar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan ya jefa ƙungiyar tsaro ta NATO cikin tsaka mai wuya. Istoniya ta shiga ƙungiyar a 2004, kuma Sashe na 5 na yarjejeniyarta ya ce hari a kan ɗaya hari ne a kan kowa. To, toshe banki hari ne na yaƙi? Ministan tsaro Jaak Aaviksoo ya ta da maganar, amma a lokacin ƙungiyar ba ta ɗaukar harin kwamfuta a matsayin farmakin soja, kuma ba a yi amfani da sashen ba. Shekaru aka ɗauka ana cike giɓin. A watan Mayun 2008 aka buɗe cibiyar NATO ta nazarin tsaron intanet a Talin. A 2013 masana shari'a da cibiyar ta tara suka fitar da Kundin Talin, wanda ya duba yadda dokokin yaƙi na duniya suka shafi harin kwamfuta, aka faɗaɗa shi a 2017. A taron Weles na 2014 NATO ta amince harin intanet na iya kai matsayin da zai ta da Sashe na 5, a taron Waso na 2016 kuma ta ayyana intanet a matsayin fagen daga kamar ƙasa da ruwa da sama.

Abin da Istoniya ta yi a cikin gida ya fi jan hankalinmu. Ba ta ja da baya ta koma takarda ba. A 2008 ta fitar da dabarun tsaron intanet na ƙasa. A 2011 ta mayar da wannan zumunci na injiniyoyi hukuma, ta kafa sashen intanet a cikin Kaitseliit, rundunar sa-kai ta ƙasar, inda ma'aikacin banki ko malamin jami'a ke atisaye a lokacin hutunsa, a kira shi idan ta ɓaci. Tun 2010 cibiyar Talin ke shirya atisayen Locked Shields, inda tawagogin ƙasashe ke kare tsarin wuta da sadarwa na gwaji daga harin da ake kai musu nan take. A 2017 ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da Lukzambag ta ajiye kwafin muhimman bayanan gwamnati a can, da kariya irin ta ofishin jakadanci, ta yadda ko an mamaye Talin rajistar ƙasa ba za ta salwanta ba.

A shekarar ce kuma aka gwada gaskiyarta. Masu bincike a wata jami'a ta ƙasar Cek suka gano rauni a ƙwaƙwalwar katin shaida, wanda ya shafi katuna sama da 700,000. Zaɓe na ƙaratowa, kuma ba a ga alamar wani ya yi amfani da raunin ba. Duk da haka Firaminista Jüri Ratas ya fito a watan Satumba ya gaya wa jama'a. A watan Nuwamba aka dakatar da katunan da ba a sabunta ba, mutane suka yi ta layi suna gunaguni, amma suka ci gaba da amfani da tsarin. Duk wanda ya taɓa gano kuskure a manhajar da ya rubuta da hannunsa ya san yadda zuciya ke raya masa ya gyara a ɓoye. Gwamnatin da ta saba ɓoye ƙaramin rauni, ranar babban hari ba wanda zai yarda da sanarwarta.

A watan Agustan 2022 tarihi ya so maimaita kansa. Istoniya ta cire wata tankar yaƙi ta zamanin Sobiyat da aka girke a garin Narba na bakin iyaka da Rasha. Washegari ƙungiyar masu kutse ta Killnet ta ce ta kai hari a kan hukumomin ƙasar. Jami'an Istoniya suka ce shi ne mafi girma tun 2007, amma yawancin jama'a ba su ma lura ba, domin shafuka sun ci gaba da aiki in ban da 'yan ƙalilan na ɗan lokaci.

Mu ma a nan mun hau hanyar da Istoniya ta bi, ko da yake ba da shiri irin nata ba. Lambar BVN da ta NIN, mai POS na bakin kasuwa, albashi da kuɗin makaranta da ake turawa ta waya, duk sun rataya a kan layin sadarwa. Mun ɗanɗana tsinkewarsa ba tare da maƙiyi ya ɗaga yatsa ba. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mutane sun tsaya a gaban mai shinkafa suna jiran kuɗin da suka tura ya ƙi shiga. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, hidimar bankuna ta tangal-tangal a Nijeriya, intanet ya yi rauni a Gana da maƙwabta. Nijeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015, da manufar tsaron intanet da aka sabunta a 2021, da tawagar ngCERT a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Takardu irin waɗannan Istoniya ma ta rubuta, amma bayan an kai mata hari. Abin da ta riƙe a hannu a daren 27 ga Afrilu shi ne mutanen da suka san juna. Saboda haka tambayoyin da tarihinta ya bar mana masu sauƙi ne. Injiniyan banki a Legas yana da lambar takwaransa na kamfanin sadarwa da zai kira da ƙarfe biyun dare? Sun taɓa atisaye tare? Ina kwafin rajistar 'yan ƙasa yake, kuma yaushe aka gwada dawo da shi? Idan aka gano rauni a tsarin da ke riƙe da bayananmu, za a gaya mana? Mu masu rubuta manhaja muna da namu kason a ciki, domin kwamfutar da muka bari ba sabuntawa a ofishinmu tana iya zama ɗaya daga cikin dubban da za a harbi wata ƙasa da su, ko tamu.