Cajar Motar Lantarki a Ƙasar Hausa

Cajar bango na'ura ce da ake kafawa a gareji, a jona mata mota da dare, a wayi gari batir ya cika. Ta yaɗu a gidajen Amurka da Turai bayan fitowar Nissan Leaf da Chevrolet Volt a ƙarshen 2010.

Masu ba da tarihin abin a Najeriya sun saɓa kan mafarinsa. Wasu na ƙirgawa daga Nuwamban 2020, lokacin da kamfanin Stallion ya ƙaddamar da motar lantarki ta Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, wasu kuma daga Fabrairun 2021 da aka gabatar da ita a Abuja. Duka biyun bikin mota ne. Tarihin caji ya fi dacewa a faro shi daga Afrilun 2021, sa'ad da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana Volt ɗin nan a General Motors. Dogaro da rana da aka yi tun ranar farko shaida ce cewa masu aikin sun san halin wutar gwamnati, alhali ita cajar bango an ƙirƙiro ta ne don gidan da wuta ke kwana.

Lissafin a fili yake. Batirin Kona na ɗaukar kilowat-awa 64. Caja mai ƙarfin kilowat 7 na buƙatar awa tara zuwa goma kafin ta cika shi, soket ɗin ɗaki kuwa sai ya haura awa 20. Za a ce ai da araha: a farashin naira 225 kan kowace kilowat-awa da aka yanka wa masu wutar rukunin Band A a Afrilun 2024, cika batirin bai wuce naira 14,400 ba, ga fetur ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Gaskiya ne, sai dai farashin na unguwar da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 ne a kullum. Magidanci a Daura, wanda kamfanin KEDCO ke ba wuta kamar sauran Katsinawa da Kanawa da mutanen Jigawa, bai manta Oktoban 2024 ba, da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Masu cewa a ɗora sola a rufi ma sun tsallake abu ɗaya: lokacin da rana ke dukan faifan, motar tana kasuwa ko ofis, sai an ƙara sayen batiran ajiya masu tsada.