Siffar ɗaliba mace a bakin 'yan jami'a a Kano

Laƙabin "'yar boko" ya girmi jami'a a Kano. Tun a shekarun 1930, da Turawan mulki suka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Katsina da Kano, ake cewa wadda aka kai can idonta zai buɗe, ta raina miji. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977, ta gaji wannan kallo, ɗalibai kuma suka yi masa rassa.

Bayan kafa hukumar JAMB a 1978, sabon shiga ya zama "jambito". Ga namiji, zolaya ce kawai ta rashin sanin hanyar aji. Ga mace kuwa, har da nufin ba ta da wuyar shawo kai. Da hijabi ya yaɗu a harabar jami'a daga shekarun 1980, sai aka raba ɗalibai mata gida biyu: "ustaziya" da "'yar gayu". Duka biyun sutura suke aunawa, babu wanda ya taɓo karatu. Marubuciya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta juya zargin da ake yi wa 'yar boko a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990.

A Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, abin ya ɗauki wani salo. Nan ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yake a kan titin Zariya, inda ɗaliban likitanci na Bayero ke koyon aiki. Sau da yawa majinyata kan kira namiji mai farar riga "likita", mace kuma "nas" ko "sista", ko da ajinsu ɗaya. Tsakanin ɗalibai ma ana tsokanar mace cewa kafin ta gama, ƙannenta sun yi 'ya'ya. A wannan asibiti ne dai Farfesa Hadiza Galadanci ta yi suna a duniya kan binciken zubar jini bayan haihuwa.

Ba Kano kaɗai ba. A jami'o'in Sin akwai barkwancin cewa jinsi uku ne: maza, mata, da mata masu digirin digirgir. A 2007 ma'aikatar ilimin ƙasar ta sanya "shengnu", wato matan da suka yi kwantai, cikin jerin sababbin kalmomi.